Ƙauyen da Ba a Nuna Hanyarsa

Tun da na dawo daga Nijar 'yan majalisarmu ta bakin kasuwar Daura suka sa ni gaba. Kullum bayan la'asar, ko zama ban gyara ba sai wani ya ce, "To Malam Lawal, yau dai a ba mu labarin tafiyar nan." Ni kuwa sai in ba su labarin buredi mai tsawon sanda da shayi mai ɗaci, a yi dariya a watse. Wata biyu ina wannan kwana-kwana. Rannan Alhaji Sabi'u, wanda ya san ni tun muna firamare, ya dube ni ya ce, "Kai da zuwa Katsina ma sai ka yi mana labarinsa na awa uku, ka je wata ƙasa ka dawo da zancen buredi? Akwai abin da ka ɓoye." Gaskiyarsa. Tunda bakina ya ƙi faɗa, bari hannuna ya rubuta, kowa ya karanta a gidansa ba tare da mun haɗa ido ba.

Duk wanda ya san ni ya san Jagora, ko yana so ko ba ya so. Shekara talatin na yi ina koyar da tarihi a sakandare a Sandamu, kuma babu ajin da ya fita daga hannuna bai ji sunansa ba. Tanko Jagora kakan mahaifina ne. Abin da muka taso muka ji shi ne, a wani ƙauye da yanzu yake cikin Nijar, shi ya jagoranci mutane suka yi wa Faransawa tawaye lokacin da suka zo da aikin tilas da ƙwacen hatsi. Da aka fi ƙarfinsu sai ya ƙwace dokin hafsan Faransawa ya tsallako ƙasar Daura. Linzamin dokin yana nan rataye a zaurenmu, baƙo ba ya fita sai an nuna masa. Har wasan kwaikwayo na rubuta wa ɗalibai: kura ta shigo garin dabbobi, rago ya tsaya ya tare ta, dila kuma ya zagaya ya nuna mata ƙofar baya. Ba sai na gaya muku wane ne ragon ba. Kai kuma Alhaji Sabi'u, ka san shekarun da na yi ina kiran ka jikan kuku, don kawai kakanka ya dafa wa Baturen Ingila abinci.

Dalilin tafiyar 'yata ce, Hafsatu. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, tarihi take karantawa, ni na cusa mata son sa. Ta ɗauki tawayen Jagora a matsayin binciken kammala karatunta, ta rubuta babi biyu daga bakina. Malaminta ya ce labarin uba ba hujja ba ne, sai ta kawo ta bakin mutanen wurin, in ba haka ba ba zai sa hannu ba. Ga shi tana da ciki wata bakwai, mijinta ya ce ba za ta hau wannan hanya ba. Na bugi ƙirji na ce ni zan je in ɗauko mata. Ta zauna ta koya mini yadda ake ɗaukar murya a waya, sau uku, tana cewa, "Baba, jan nan za ka danna, kada ka taɓa komai bayansa."

Na shiga mota a tasha da hantsi, motar mutum bakwai aka cusa mu goma, da buhun barkono a kan cinyata wanda ban san mai shi ba. Daga Daura zuwa Kongolam ba nisa, amma kafin mu isa na yi atishawar da ta ishe ni shekara. A ɓangarenmu aka duba takarduna aka miƙo mini. A ɗaya ɓangaren wani jandarma siriri ya karɓi katina, ya tambaye ni sana'ata, na ce koyarwa. Sai ya washe baki ya ce da abokin aikinsa, "A'a, ashe mushe ne!"

Na ji raina ya ɓaci nan take. Ni da furfurata, a ƙasar mutane, a kira ni mushe? Na fara gyara tsayuwa zan yi magana, sai wata 'yar kasuwa da muka zo tare ta jawo gefen rigata ta ce, "Malam, girmama ka ya yi. A nan malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ake ce wa mushe." Na haɗiye abin da na ɗebo, na ce masa na gode. Ni da na zo koya wa mutane tarihinsu, tun a bakin iyaka aka fara koya mini magana.

Abin mamakin iyakar nan shi ne babu abin da ya canza sai tuta da kakin ma'aikata. Geron wannan gefe shi ne geron wancan, tsagar fuskar mutane iri ɗaya. Direba ya kunna rediyo ana ta muhawara kan sojojin ƙasashen waje, mota ta ɗauki musu. Kun san ni da irin wannan, ba a gayyace ni ba na karɓe zancen. Na yi musu bayanin yadda Turawa biyu suka zauna suka raba mu da alƙalami, na zagi Faransa, na zagi Ingila, na ce mu a gidanmu jinin tawaye ne yake gudana. Wani dattijo da ke kujerar baya, wanda tun Daura bai ce uffan ba, ya ce, "Malam, kana ta zagin Bature. Shi Baturen da ya zo bai san ƙasa ba, wa ya nuna masa inda rumbunanmu suke?"

Na ce, "Maciya amana mana! Kuma a kowane gari an san jikokinsu."

Ya ce, "Haka ne," ya mayar da kansa taga.

A Matameye na sauka, na kama ɗaki a wani gidan baƙi bayan tasha. Tabarma, katifa mai kaurin tafin hannu, bokiti ɗaya, sai zabi da suka tashe ni tun kafin ladan. Da safe na karya da buredin nan da na ishe ku da labarinsa, mai ɓawo kamar ƙwarya, sai da dasashina ya yi jini. Mai gidan ya kira ni shayi a ƙofar gida. Aka miƙo mini ɗan kofi kamar na wasan yara, na kwankwaɗe a kurɓi ɗaya, ɗaci ya bi mini har kunne, na yi godiya na miƙe. Suka bi ni da kallo. Ashe shayin zagaye uku ne, kuma wanda ya tashi a na farko kamar ya ce bai ji daɗin zama da mutane ba ne. Na koma na zauna. Mu a Daura mai shayi so yake ka sha ka ba wani benci, su kuwa shayin dalilin zama ne kawai.

A nan aka haɗa ni da wani ɗan acaɓa, su kabu-kabu suke cewa, magidanci mai suna Isuhu. Da na faɗi sunan ƙauyen sai ya sosa ƙeya ya ce zai kai ni kasuwar da ke kusa da su, amma daga nan ba zai wuce ba. Na ɗauka wayon ƙarin kuɗi ne, ya rantse ba haka ba ne. Muka bi yashi kusan awa biyu, sau biyu muna faɗuwa, sau ɗaya hulata ta tsaya a kan ƙaya muka wuce ta sai da muka dawo.

A kasuwar nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Na tambayi mai sayar da igiya hanyar ƙauyen, ya ce, "Allah ya sani." Na tambayi mahauci, ya ce, "Wa ka sani a can?" Na tambayi wani tsoho da aka ce mini ɗan ƙauyen ne, ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyalina da mutanen Daura, ya ba ni goro, amma hannunsa bai ɗaga ya nuna gabas ko yamma ba. Na ce da Isuhu wannan wane irin rashin kirki ne? A Daura baƙo ya tambayi hanyar Kusugu, mutum uku za su bar abin da suke yi su raka shi, har su yi faɗa a kan wace hanya ta fi kusa. Isuhu ya ce, "Mushe, al'adarsu ce tun kakanni. Ba sa nuna wa baƙo hanya. Sai dai ka aika, in sun yarda su zo su ɗauke ka."

Ina zaune a gindin wata bishiya ina huci, sai na ji wasu mata biyu masu fura suna cacar baki. Ɗaya ta nuna ɗayar da ludayi ta ce, "Ke dai jagora ce, kowa ya san ki!" Wallahi sai da na ji sanyi a raina. Na ce a zuciyata, ka ji, sunan kakana har ya zama abin kwatance a bakin mata. Ban tsaya na lura da cewa wadda aka gaya wa haka ta fashe da kuka ba, sai daga baya abin ya dawo mini. Ita mai ludayin, da Isuhu ya ce mini 'yar ƙauyen ce, na ba saƙo ga maigari, na ce a gaya masa malamin tarihi ne daga Daura yake neman iso. Ban faɗi ko ni jikan wane ne ba, don ina so in ba su mamaki.

Bayan azahar ƙanen maigari ya zo da amalanken shanu ya ɗauke ni. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ba kuma zan kwatanta hanyarsa ba. Maigari Malam Ilu, dattijo mai sanyin magana, ya tare ni kamar ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya. Aka yanka mini zabo, aka kawo tuwon gero da miyar kuka da man shanu yana yawo a kai, aka ba ni ɗakin da ya fi kowanne kyau. Na ci har na saki ɗamara.

Washegari da hantsi maigari ya tara dattawa a ƙofar gidansa. Aka kawo yayarsa, Iya Kande, tsohuwar da idonta ya tafi amma kunnenta da ƙwaƙwalwarta suna nan garau, aka ce ita ce ta riƙe labarin da. Na danna jan da Hafsatu ta nuna mini, na ajiye waya a tabarma. Maimakon in yi tambaya in yi shiru kamar yadda mai neman sani yake yi, sai na miƙe tsaye na gyara babbar riga. Na ce na zo ne in ji labarin tawayen da kakanninsu suka yi wa Faransawa, kuma ni ba baƙo ba ne, jinin wurin nan ne. Na ɗaga murya kamar ina gaban aji na ce, "Ni ne jikan Tanko Jagora, wanda ya hau dokin Nasara ya tafi Daura!"

Na tsaya ina jiran kabbara. Babu wanda ya motsa. Wani dattijo ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke, wani ya tashi ya saka takalmansa ya tafi. Maigari ya ce a hankali, "Zauna, Malam."

Iya Kande ta juyo da fuskarta wajen da muryata ta fito. Ta ce, "Ɗana, a can wurinku me aka ce muku ya jagoranta?"

Na ce, "Tawaye, Iya."

Sai ta fara. Ta ce kakarta tana yarinya aka yi abin, a gabanta. Nasara sun aiko a ba su samari da hatsi, mutanen gari suka ƙi, suka kori 'yan aiken da sanduna. Sun san soja za su zo, sai suka kwashe mata da yara da dabbobi suka shige wani kwari mai duhun ƙaya, mai rijiya a tsakiya, wanda in ba ɗan gari ba babu mai sanin mashigarsa. Soja suka zo suka tarar da gari wayam. Suka yi kwanaki suna zagaye, ruwansu ya ƙare, har sun fara ɗaure kaya za su koma. Sai wani maharbi ɗan garin, Tanko, ya shige gabansu ya kai su har bakin rijiyar.

"Shi ya sa aka ce masa Jagora," in ji ta. "Jagoran Nasara."

Na ce wataƙila wani Tankon ne daban, sunan ai yana da yawa. Ta ce, "Naku ba shi da guntun yatsa a hannun hagu?" Yana da shi. Mu an ce mana takobin hafsa ne ya sare shi. Ta ce tarkon barewa ne ya cinye shi tun yana saurayi.

Na ce to ko tilasta shi aka yi? Na kama wannan tambaya da hannu biyu, don ita kaɗai ta rage mini. Ta ce, "Wasu sun ce dukansa aka yi, wasu sun ce doki aka yi masa alkawari. Ni ban sani ba, ba zan ɗora masa abin da ban sani ba. Kakata dai ta ce ba ta ga tabo a bayansa ba, amma ta ga dokin." Ba Faransawa ne suka kore shi ba. Mutanen gari ne suka daina cin abinci da shi, suka daina amsa sallamarsa, har ya gaji ya yi kudu. Tun daga ranar suka yi alkawari ɗan garin nan ba zai ƙara nuna wa baƙo hanya ba, kuma duk mai kai tsegumi waje, jagora ake ce masa.

Daga nan ta fara jero sunayen mazan da aka kashe a bakin rijiyar, kowanne da sunan ubansa, tana lanƙwasa yatsu, har yatsun suka ƙare ta koma farko. In ta faɗi suna sai wani a cikin dattawan ya ce, "Namu ne." Ni kuwa ina zaune cikin babbar rigata mai aiki, zabon da suka yanka mini yana cikina. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na tuna wasan da na sa 'ya'yan mutane suka yi shekara da shekaru, ina tsaye a gefe ina murna in 'yan kallo sun yi wa dila ihu. Na tuna da kai ma, Alhaji Sabi'u. Kakanka miya kawai ya dafa. Ka yafe mini.

Da ta gama ta tambaye ni, "Ya yi zuri'a a can?" Na ce ya yi, muna da yawa. Ta ce, "To madalla, Allah ya raya. Ɗan'azumi, na huɗun da na faɗa, saura kwana kaɗan a ɗaura masa aure aka kashe shi, bai bar baya ba. Shi babu mai cewa namu ne, shi ya sa nake faɗin sunansa sau biyu."

Na buɗe baki zan ba da haƙuri. Maigari ya ɗaga mini hannu ya ce, "Malam, kai ba ka kai kowa kwari ba. Jiya ka ci abincinmu, yau ma za ka ci." Aka kawo tuwo. Da zagina suka yi da na fi samun sauƙi. Na sa hannu na ci don kada in ƙara musu wani cin fuskar, kowace loma sai na tura ta da ruwa.

A hanyar dawowa ban yi wa kowa lacca a mota ba. A Kongolam, muna jiran a gama duba kaya, na fito da waya na buɗe muryar, na ɗora yatsa a kan wurin gogewa. Na daɗe a haka. Ban goge ba, amma kada ku ɗauka jarumta ce, tsoro ne ya hana ni, kamar yadda tsoro ya hana ni abin da ya biyo baya. Da na iso gida Hafsatu ta kira ni tana ɗoki, na ce mata wayar ba ta ɗauki komai ba, kuma tsofaffin wurin duk sun rasu, babu wanda ya tuna. Ni, malamin tarihi, na yi wa 'yata ƙarya a kan tarihi.

Sati uku ina kallon ta tana fama. Lokacin miƙa bincike ya matso, malaminta ya ƙi sa hannu, ta fara zancen sai dai ta maimaita shekara, ga haihuwa tana tafe. Ran wata Juma'a na je duba ta a gidanta, na tarar da ita a tsakar gida da takardu a baje, ƙafafunta sun kumbura. Ta ce, "Baba, kada ka damu kanka. Laifina ne, ni ce ban koya maka wayar da kyau ba, na sa ka sha wahalar hanya a banza."

Wannan maganar ce ta karya ni. Na ciro wayar na danna na ajiye a gabanta, na koma gefe na zauna a kan turmi. Muryata ce ta fara fitowa, da ƙarfi, ina shelar ni jikan wane ne. Sai shirun nan, wanda a waya ya fi yadda na tuna shi tsawo. Sai Iya Kande. Hafsatu ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Da aka zo kan sunayen ta jawo takarda, tana tsayar da muryar tana rubutawa, tana mayarwa baya in ba ta ji da kyau ba, har ta gama da su duka. Sannan ta ɗauki babi biyun da ta rubuta daga bakina ta kife su a gefe.

Ba ta ce mini don me na yi mata ƙarya ba. Ta daɗe tana juya biro a hannunta, sannan ta ce, "Baba, dole in faɗi ko shi wane ne a cikin rubutun. Ina iya cewa wani maharbi ɗan garin. Malamina ya san daga bakinka na ji labarin, amma bai san jininmu ne ba, babu wanda zai gane."

Ta buɗe mini ƙofa ne don tausayi, kuma Allah ya sani na so in bi ta. Na dubi cikin da ke gabanta, na dubi jerin sunayen da ke kan takardar.

Na ce, "Rubuta kakanmu."

Ta sunkuya ta rubuta.